Buzuzun Fir'auna a Gidan Surukina

Tun da na dawo daga Amurka ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Masu zuwa sannu da zuwa, masu zuwa karɓar tsaraba, da masu zuwa jin gulma, duk tambayarsu ɗaya: Hajiya, yaya ƙasar take? Na maimaita har bakina ya yi tsami. Shi ya sa na zauna na rubuta, tunda dai ni tsohuwar shugabar makaranta ce, alƙalami bai gagare ni ba. Duk wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Abin da ya kai ni shi ne haihuwar Nafisa, autata, wadda ke aure a wani gari da ake kira Upper Marlboro, kusa da Washington. Cikinta na fari ne, ba ta da kowa a can, dole in je in kula da ita. Mijinta Injiniya Mansur yaro ne mai ladabi, ban taɓa samunsa da wani abu ba. Aikinsa a wani gari mai suna Sterling yake, cikin wasu manyan gine-gine marasa taga da aka cika da na'urori. Ana saura 'yan kwanaki in tashi ya kira ni, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo irin ta suruki, sannan cikin jin nauyi ya ce tunda jirgina zai kwana a Alƙahira, akwai wani abokinsa da zai kawo mini ɗan saƙo in taho masa da shi. Ya ce ɗan dutse ne na ado. Ni na ɗauka zobe ya saya wa matarsa na barka da haihuwa, har na sa masa albarka.

Na tashi daga Kano da akwatuna cike da kayan mai jego: yaji, kanwa, garin kunu, kuka, daddawa, da ƙullin kilishi da ƙanwata ta tusa mini a ƙarshe, wai kada in je wa suruki hannu rabbana. A jirgi aka haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa mai zuwa Masar ganin likitan ido. Tun kafin mu ɗaga ta ba ni tarihin ciwonta da na mijinta da na maƙwabciyarta, sannan ta kwantar da kai a kafaɗata ta yi barci har muka sauka.

A Alƙahira aka kai mu masauki. Abincinsu wake ne da aka dafa ya yi luguf aka malala masa man zaitun, da wani faffaɗan burodi kamar faifai. Ba laifi, amma babu yaji ko na shaida. Bayan la'asar mai saƙo ya zo. Mutum ne mai santsin baki, gashi ya sha mai, yana ta kirana "ya Hajja" yana dafa ƙirji. Ya ba ni wani ƙaramin kwali da aka naɗe da tsumma, ya ce in cusa shi cikin tufafi, kada in sa a jakar hannu. Na cusa shi tsakanin zannuwan goyo na manta da shi.

Daga nan zuwa filin jirgin Dulles na Washington zama ne wanda sai da ƙafafuna suka kumbura. Layin duba fasfo ya wuce lafiya. Matsalar ta fara ne wurin ɗaukar kaya, inda wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki, ya zo ya shinshina akwatina ya zauna a gabansa kamar mai jiran sadaka. Ƙasa ce da kare ma yake da muƙami. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta yi mini murmushi ta ce in biyo ta.

Kilishin ƙanwata ne ya jawo. Ba a shiga musu da nama, ko busasshe ne. Ina kallo aka jefa shi kwandon shara, kilishin da aka yi takanas aka sayo. Tunda an riga an buɗe akwati sai aka ci gaba da zazzagewa. Suka shinshina daddawa suka kau da kai, suka juya kanwa suna tambayar ko gishiri ne. Can wani jami'i ya zaro kwalin nan ya warware tsumman. Na leƙa in ga zoben 'yata. Sai na ga wani ɗan koren dutse kamar kan babban yatsa, an sassaƙa shi da siffar ƙwaro, da kai da fukafukai, a cikinsa an yi wasu zane-zane.

Jami'in ya ce, "Kin san mene ne wannan?"

Na ce, "Na sani. Buzuzu ne, mai tura kashin shanu."

Dariya ta kufce mini. Shi bai yi ba. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyi aka zaunar da ni, aka yi ta tambayata wa ya ba ni, a ina, wa zan kai wa. Ba su wulaƙanta ni ba, har ruwa suka ba ni, amma sun bayyana mini cewa irin wannan abu, idan na zamanin Fir'auna ne na gaske, haramun ne a fitar da shi daga Masar, haramun ne kuma a shigo da shi nan babu takardu. Za su riƙe shi su ba masana su duba, kuma za su neme mu. Aka kira Mansur daga wurin jiran baƙi. Ya shigo da furanni a hannu, wai na tarba. Da ya ga kwalin a kan tebur sai furannin suka sunkuya tare da shi.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Ni dai ina kallon titi ina tunanin yadda zan faɗa wa mutanen Kano cewa ƙwaron kashi ya kusa sa a juyo da ni.

Gidan nasu babba ne, amma na katako, in ka taka sama na ƙasa yana jin ka. Unguwar shiru kamar an yi gobara an watse. Maƙwabci ba ya shigowa gaisuwa, sai dai ya ɗaga hannu daga cikin mota. Ciyawar ƙofar gida in ta yi tsawo ƙara ake kai mutum. Da safe kuwa za ka ga manyan mutane, masu furfura, suna bin kare da leda a hannu, in ya tsuguna su duƙa su kwashe su ƙulle su riƙe. Da na ga haka sai na daina mamakin yadda buzuzu ya samu daraja a ƙasar.

An sauke ni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin wanki. Na yi zaton ɗakuna ne suka yi kaɗan. Washegari Nafisa ta hau da ni sama ta buɗe wani ɗaki, wanda ya fi kowanne haske da faɗi, sai na tarar da masu gidan na ainihi. Akwatunan gilashi ne jere a bango, kowanne da fitilarsa, cikinsu buzuzu a kan buzuzu: kore, shuɗi, baƙi, mai ruwan ƙasa, kowanne kwance a kan ƙyallen karan-miski kamar amarya. A kusurwa wata na'ura tana huci, wai tana daidaita musu danshin iska. Gadon jaririn da ake jira kuwa yana jingine a lungu, ko kwalinsa ba a buɗe ba, don ba a san inda za a kafa shi ba.

Mansur ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya fara yi mini bayani. Ya ce mutanen Masar na da can sun ga buzuzu yana mirgina dunƙulen kashi, sai suka ce haka abin bautarsu yake mirgino rana daga gabas zuwa yamma. Sun kuma ga 'ya'yansa suna fitowa daga cikin dunƙulen, sai suka ɗauka ƙwaro ne da ke halittar kansa, suka mai da shi alamar sake rayuwa bayan mutuwa. Wasu sun rataya shi a matsayin laya, wasu sun yi hatimi da shi. Akwai kuma babba da ake ɗora wa gawa a ƙirji, an rubuta a jikinsa ana roƙon zuciyar mamaci kada ta ba da shaida a kansa ranar hisabi.

Na juya wajen Nafisa, don ban ga dacewar in dubi suruki in faɗa ba, na ce wato tun daga kabari suke fara toshe bakin shaida. Mu da aka gaya mana hannu da ƙafa ma za su yi magana, ina ga zuciya. Shi kuwa ya ce, a hankali, ba bauta yake yi ba, tarihi ne. Na ce na ji. A garinmu dai yara ne ke bin buzuzu da tsinke, in sun girma su bari.

Raha ta ƙare ranar da suka dawo daga wurin lauya. Nafisa ta zaunar da ni ta warware mini. Idan masana suka tabbatar dutsen na gaske ne, ana iya tuhumar mijinta da fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Takardar zama ɗan ƙasa da yake nema za ta iya rushewa, aikinsa ma da sai amintacce ake bai wa zai iya tafiya. Ni kuma ana iya soke bizata a ce in koma kafin ta haihu. Idan kuwa jabu ne, irin wanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, to babu laifi, sai dai gargaɗi.

Ku dubi wannan hali. Mutumin da ya yi shekaru yana fafutukar samun na gaske, yanzu shi ne ke tashi yana roƙon Allah ya sa an cuce shi.

Ni ban ga abin dariya ba a lokacin, don ina ganin abin da zaman jiran yake yi wa 'yata. Abinci ya daina shiga. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce jininta ya hau, in bai sauka ba za a kwantar da ita. Duk wayar da ta yi ƙara sai ta zabura. Wata rana da hantsi na same ta zaune a matattakala tana hawaye, shi kuwa yana sama yana goge gilashin ƙwarinsa, wai hakan ke kwantar masa da hankali. Nan na ajiye kunyar surukuta a gefe, na hau na tsaya a ƙofar.

Na ce, "Mansur, ni ka sa a gaba na ɗauko maka abin da ka san ba a ɗauka, na yafe. Amma yarinyar nan da ke zaune a ƙasa, ita da abin da ke cikinta, masu rai ne. Waɗannan da kake gogewa masu su sun daɗe da zama ƙasa. Ka zaɓi inda za ka sa hannunka."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Ya ajiye tsumman ya sauka. Daga ranar shi ke kai ta asibiti, shi ke auna mata jini safe da yamma. Wannan kam na yaba masa.

Cikin kwanakin jiran ne na ɗan ga gari. An kai ni wani kanti a Hyattsville na wata Bahaushiyar Kumasi, mace mai fara'a, Hausarta da ɗan karkata amma mun fahimci juna sarai. A kantinta na tarar da daddawa da kuka da kanwa har da garin kunu, duk abin da na yi dako daga Kano. Da na ba ta labarina ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita a ƙasar nan ko allura wani ya ba ta ba ta ɗauka. Ranar Juma'a mun je masallaci a Sterling, inda na yi sahu tsakanin Basomaliya da Bapakistaniya, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Yaran Hausawan da aka haifa a can kuwa, in ka gaishe su da Hausa sun ji, amma amsar da Turanci za ta dawo, ta hanci.

Sun kuma kai ni wani babban gidan tarihi a cikin Washington, a jirgin ƙasa mai bin ƙarƙashin ƙasa. Can na ga abin da ya tsaya mini a rai. Gawar mutum ce, naɗe da likkafaninta, kwance cikin gilashi, jama'a na zagaye ta suna ɗaukar hoto, wani na taunar cingam. Ɗan wani ne, ko uwar wani. Danginsa sun yi masa sutura iya saninsu, sun rufe shi, sun koma gida suna kuka, ba su san wata rana za a tono shi a kai shi wata duniya a kunna masa fitila ba. Na yi ta'awwuzi na ce a fitar da ni.

A nan ne ya kamata in gabatar muku da Mista Gordon. Tsohon likitan haƙori ne, Bature, shi ne babba a ƙungiyar masu tara irin waɗannan ƙwari, don ƙungiya gare su, har taro suke yi. Da ya ji abin da ya faru ya zo gida jaje, fuska a murtuke kamar an yi rasuwa. Ya miƙo mini hannu, na dafa ƙirji. Na zaci zai tambayi jikin mai ciki. Abin da ya tambaya shi ne ko na lura da irin zanen da ke cikin dutsen kafin a ƙwace. Na ce masa ni zanen fuskar jami'in na tsaya karantawa.

Allah ya sauki Nafisa lafiya, ta samu 'ya mace. Can miji ke shiga ɗakin haihuwa ya riƙe hannun matarsa, uwa kuma ta zauna a waje tana jan carbi. Ya fito jiri na ɗibarsa, sai da aka ba shi kujera. Wankan jego kuwa na yi shi ne iya yadda ƙasar ta bari: babu ganyen darbejiya, babu itace, sai ruwan famfo mai zafi a kwamin wanka. Ranar da na kunna turaren wuta wata na'ura a rufin ɗaki ta kwartsa ihu, gida ya rikice, maƙwabcin da bai taɓa gaishe mu ba ya fito da waya a hannu zai kira 'yan kwana-kwana. Kunun kanwa dai ta sha shi, wannan babu dokar da ta hana.

Kafin suna aka kira Mansur a waya. Muna falo, ya miƙe tsaye yana amsawa. Masana sun gama dubawa: dutsen sabo ne fil, aikin injin zamani, an dafa shi da wani abu don ya yi kamar ya tsufa. Babu tuhuma, sai gargaɗi mai kauri. Yana ajiye wayar ya faɗi ya yi sujada. Da ya ɗago kuma sai ya zauna a ƙasa ya yi tagumi, kamar wanda aka yi wa albishir da ta'aziyya a numfashi ɗaya. Ya nemi abokin nasa na Alƙahira, waya a kashe.

Ashe ba wannan ne na farko da ya saya a hannun mutumin ba, sauran ta gidan waya suka zo. Mista Gordon ya dawo da tabaron ƙara girma, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Mafi yawan amaren nan da ake hura wa iska 'yan bana-bakwai ne, wasu ma Nafisa ta girme su. Na gasken kaɗan ne, waɗanda ya saya da takardunsu, kuma su ne suka fi muni, duk sun gutsure. Na dai taya su kwashe jabun cikin kwalin takalmi. Na gasken suka koma akwati ɗaya a ɗakin karatu, aka kafa gadon jaririya a ɗaki mai haske, ni ma aka hau da ni sama.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya sunana. Na san ban-haƙuri ne, na kuma karɓa. Hausawan yankin suka cika gida, likitoci da malaman jami'a da matansu, aka ci waina da tuwon shinkafa, aka yi addu'a. Mista Gordon ma ya zo, ya ci yaji ya yi ta tari. Ni kuwa na yi kwalliya, na rataya tsakiyar da na gada wurin mahaifiyata, ita ma ta gada wurin tata, jan dutsen nan da iyayenmu mata ke ji da shi.

Ina zaune da jaririya a cinya na ga tsohon nan ya kafe wuyana da ido. Ya matso, ya nemi izini ya duba. Ya tambayi shekarunta, ya tambayi hannu nawa ta bi, ya tambayi ko akwai wata takarda da ke nuna asalinta. Sannan ya gyara murya ya ce abu irin wannan bai kamata a riƙa sawa ana yawo da shi ba, zai iya fashewa. Idan zan rabu da ita, shi zai adana ta cikin gilashi yadda ya dace, har ya rubuta sunan garinmu a ƙasa. Mansur da ke kusa ya rasa inda zai sa kansa, ya fara ƙoƙarin sauya zance. Na ce ya bari, Turancina bai ƙare ba.

Na ce wa tsohon, "Ka yi gaggawa. Su waɗancan masu buzuzun ai sai da kuka bari suka mutu tukuna. Ni ma ka jira."

Ya yi dariya sosai, ya ce ina da ban dariya. Sannan ya laluba aljihu ya zaro katinsa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce to in ba 'ya'yana su ajiye.

Na dawo gida lafiya bayan an yi arba'in, ta wata hanyar daban, akwatina babu saƙon kowa. Mai jego da takwarata suna nan ƙalau. Da na huta na tara 'ya'yana na yi musu wasiyya tun ina da ƙarfina: tsakiyar nan ta takwarata ce, a wuya za ta sa, in ta fashe ta fashe. Ni kuma in tawa ta zo, a zurfafa rami, kada a sa wata alama mai ɗaukar ido. Na je na gani da idona, akwai masu haƙurin jira.